Labarin Raƙumi a Takardun Giwa

Yau kan wani littafi za mu yi magana. Littafi ne babba, kusan shafi 1000, in ka ɗauke shi sai ka ce tubali ne. Ba da Hausa anka rubuta shi ba. Amma labarin da ke ciki namu ne. Labarin iyayenmu da kakanninmu ne na Maraɗi, da Tasawa, da Damagaram, da Madawa, da Ƙwanni, har Yamai, har bakin tabkin Cadi. Shi ne tarihin Sawaba, jam'iyyar Jibo Bakari, mai alamar raƙumi.

Wanda ya rubuta shi wani malamin tarihi ne ɗan ƙasar Holan, sunanshi Klaas van Walraven. Ya fito da shi da Ingilishi a shekara ta 2013. A 2017 anka juya shi zuwa Faransanci, anka sa mishi suna Le désir de calme. Kalmar sawaba ce yake son fassarawa, wato sauƙi bayan wuya, hutun nan da talaka ke fata. Na Faransancin na karanta, kuma ya ci mini damina guda. Na ga abin yabo da yawa a ciki. Na ga kuma abin da ya dame ni.

Ga labarin a taƙaice, saboda samarin da ba su riski zamanin ba. A 1956 Jibo Bakari ya zama magajin garin Yamai na farko. A 1957 shi ne ya ja gwamnatin farko ta ƴan ƙasa, amma gwamnan Faransa na bisa kanshi. A 1958 Janar De Gol ya ce kowace ƙasa ta jefa ƙuri'a. Mai son zama tare da Faransa ya ce "I", mai son ƴanci nan take ya ce "A'a". Jibo da Sawaba sunka ce a'a, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gine. Faransa ba ta yarda Nijar ta suɓuce mata ba. Ta aiko sabon gwamna, Kolombani, wajen wata guda kafin ƙuri'a. Yawancin sarakuna sunka juya ma Jibo baya. Ran 28 ga Satumba anka jefa ƙuri'a. Anka ce "I" ta samu wajen 372.000, "A'a" ta samu wajen 102.000. Waɗanda anka rubuta sunansu kuwa sun fi miliyan guda da dubu 300. Ku yi lissafi da kanku, za ku ga mafi yawan mutane ba su ma fito ba.

Jibo ya sauka a watan Oktoba. A zaɓen Disamba Sawaba ta samu kujera 11 cikin 60, kuma anka soke zaɓen Tasawa da na Damagaram inda ta ci. Jori Hamani na RDA, mai alamar giwa, ya hau mulki. A watan Oktoba 1959 anka haramta Sawaba ɗungum. Shugabanninta sunka bar ƙasa, wasu Bamako, wasu Kano, wasu Akara. Samari da yawa sunka bi su. Wasu sunka tafi karatu, wasu sunka koyi aikin soja a Aljeriya, da ƙasar Sin, da Biyetnam ta Arewa, da Gana. A 1964 sunka tsallako iyaka da makamai, ƙungiya-ƙungiya, suna tsammanin jama'a za ta tashi tare da su. Jama'a ba ta tashi ba. Anka kama da yawa, anka kashe wasu. A watan Oktoba na wannan shekara anka harbe mutum 4 gaban jama'a a Yamai. A watan Afrilu 1965, ranar Sallar Layya, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti wurin idi inda Jori ke salla. Jori ya tsira, wani yaro ya rasu. Kamun da ya biyo baya ya cika gidajen kaso.

Daga nan sai shiru. Shekara da shekaru ba mai ambaton raƙumi sai a raɗa. Mu dai a lakwal ba a koya mana komi ba game da wannan al'amari. Ni kaina ina da kawu, tela ne, yana da kelen ɗinki a bakin kasuwa. Sai bayan rasuwarshi na ji cewa ya taɓa riƙe katin Sawaba, kuma ya jefa shi cikin murhu daren da jandarmomi sunka shigo gari. Na yi shekaru ina zama kusa da shi ina ba shi zare, bai taɓa ce mini uffan ba. Ni ma ban tambaya ba, don ban san akwai abin tambaya ba.

To ta yaya Bature daga Holan ya gano abin da ɗan gida bai sani ba? Amsar ita ce arshib. Arshib gida ne da gwamnati ke ajiye tsofaffin takardunta, waɗanda an gama aiki da su amma ba a son su ɓata. Akwai rahoton kumandan in ya dawo daga rangadi. Akwai kundin ƙidaya na lanho. Akwai hukuncin shari'a, da wasiƙu, da talgiram, da rahoton ƴan sanda. Ana ɗaure su dami-dami, a sa ma kowane lamba, a jera cikin kwali. Mai bincike ya zo ya nemi lamba kaza, a ɗauko mishi, ya zauna ya karanta.

Takardun ƙasarmu ba wuri guda suke ba. Akwai babban gidan arshib na ƙasa a Yamai. Akwai wasu a Dakar, domin can ne babban gwamnan Afirka ta Yamma yake zaune a zamanin Nasara. Akwai wasu a Faransa, a garin Aix-en-Provence, takardun soja kuwa suna Vincennes, kusa da Paris. Tunda ƴan Sawaba sun zauna Nijeriya da Gana, Ingilishi ma sun yi rubutu a kansu, yana London. Malamin ya bi irin waɗanga gidaje shekara da shekaru. Sa'an nan, bayan shekara ta 2000, ya riƙa zuwa Nijar yana bin gari-gari, yana zama da tsofaffin ƴan Sawaba da sunka rage, yana tambayarsu. Ya same su da furfura, wasu ido ya tafi. Da yawansu yau sun riga mu gidan gaskiya. Da ya yi jinkirin shekara 10, da ya tarar da kaburbura. Ko don wannan kaɗai ya cancanci godiya.

Babban abin da littafin ya yi shi ne ya sauko da labari ƙasa. Da, in ana maganar wancan zamani, sai a ce faɗa ne tsakanin Jibo da Jori, ƴan'uwa biyu da sunka yi lakwal, kowa na son kujera. Littafin ya nuna ba haka kaɗai ba ne. Ya nuna su wane ne sunka ɗauki raƙumin a kafaɗa. Direbobi ne da yaran mota, da teloli, da ƴan dako, da ƙananan ƴan kasuwa, da ma'aikatan fosta, da mata masu zaman kansu, da samarin da sunka baro ƙauye sunka zo birni neman kuɗin lanho. Mutane ne masu ƙafa guda a gona, ƙafa guda a tasha. Su ne ke ɗaukar magana daga birni su kai ƙauye ranar kasuwa. Motar da ta kai gyaɗa Kano ba ta dawowa da kaya kaɗai, tana dawowa da labarin NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ita ma yaƙin talaka take yi da zaluncin masu sarauta. Kowa ya san yadda tashar mota take a Maraɗi ko Damagaram, in ya karanta wannan wuri zai ce lalle haka ne. Ni nan na fara ganin kawuna cikin littafin, ko da yake ba sunanshi a ciki.

Yanzu ga inda nake da magana.

Ku tambayi kanku, wa ya rubuta takardun da ke cikin kwalayen nan? Ba direba ba ne, ba tela ba ne. Jam'iyyar da anka haramta ba ta tara takarda. Kowa anka kama da ƴar takardarta sai kaso, saboda haka masu ita da kansu sunka ƙone ta. Abin da ya saura mafi yawa rubutun masu farautar raƙumi ne: kumandan, da kwamishinan ƴan sanda, da sojan Faransa mai leƙen asiri, da ministan cikin gida. Kumandan kuwa ba ya jin Hausa sosai. Ta bakin tafinta yake ji. Tafinta shi ma ta bakin ɗan rahoto ya ji. Ɗan rahoto ana biyanshi, in bai kawo labari ba babu kuɗin goro. Wani kuma yana da rigimar gona da maƙwabcinshi, ko sun nemi mace guda. Ya isa ya je biro ya ce wane yana saukar da baƙi da dare. A rubuta, a buga hatimi. Bayan shekara 50 mai bincike ya buɗe kwali, ya tarar da ƙaryar nan tana zaune da hatiminta, ta yi kama da gaskiya.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Yawancin abin da anka sani game da hanyoyin da samarin nan sunka bi, da inda sunka kwana, da wanda ya ba su fura, daga takardun tuhuma ya fito. Mutum ne a ɗaure, an buge shi, ana tambayarshi. Littafin da kanshi ya faɗi irin azabar da anka yi ma mutane. To mai shan bugu yana iya faɗin gaskiya. Yana iya faɗin abin da mai bulala ke son ji. Yana iya ɓoye sunan amininshi ya ba da sunan wanda ya riga ya mutu. Malamin ya san da haka, ba yaro ba ne. Sau da yawa yana gwada takarda da bakin dattijo, in sun saɓa ya faɗa. Amma akwai wuraren da ba dattijon da ya saura, sai takardar kaɗai. A nan mai karatu ya kamata ya riƙa tafiya sannu, kamar mai taka bakin tsohuwar rijiya.

Bakin dattijo shi ma ba Alƙur'ani ba ne. Mutumin da ya sha kaso shekara 5 ko 8, in ya tsufa yana son a ce wuyar da ya sha ba ta tafi banza ba. Yana tuna jaruntaka, yana manta tsoro. Yana tuna laifin giwa, yana manta na raƙumi. Wannan ba ƙarya ba ce, halin ɗan Adam ne.

Abu na biyu, zuciyar mai littafin tana wajen Sawaba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce abin da anka yi ma gwamnatin Jibo a 1958 juyin mulki ne, na farko irinshi a Afirka. Hujjojin da ya kawo daga takardun Faransawa da kansu suna da ƙarfi, ni dai sun gamsar da ni. Amma cikin dattawan da ke magana a littafin, ƴan Sawaba sun fi kowa yawa nesa ba kusa ba. Ina manomin da anka ce ya ɗauki baka da kibiya ya shiga daji neman baƙi masu bindiga a 1964? Wani tsoron hakimi ya fitar da shi. Wani ya gaskata da zuciya ɗaya cewa mahara ne sunka zo. Wani tsohon soja ne mai tsoron a yanke mishi fansho in Faransa ta tafi. Akwai kuma gidajen da sunka yi rashi a hannun samarin Sawaba, su ma suna da hawaye. Ƙauyukanmu cike suke da jikokin ɓangare biyu, suna auren juna, suna salla sahu guda. Tarihin da zai zauna lafiya a irin wannan ƙauye sai wanda ya ji ta bakin kowa daidai wa daida.

Mata kuwa, littafin ya ambace su, ya ce sun yi ƙoƙari. Amma yawancin masu ba da labarin maza ne. Ranar da anka tafi da mai gida, wa ya nome gonar? Wa ya biya lanho? Wa ya yi kwana da kwanaki a hanya da ƙullin gari don ya kai ma ɗan kaso? Ɗan sanda bai rubuta wannan ba, don ba laifi ba ne. Abin da ba laifi ba ne ba ya shiga kwalin ɗan sanda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshe. Dattawan nan da Hausa sunka yi siyasarsu, da Zabarmanci, da Barbarci. Da Hausa anka yi kirari, da Hausa anka yi zambo, da Hausa anka yi kuka. Sunan jam'iyyar ma Hausa ne. Sai ga maganarsu ta koma Ingilishi, daga Ingilishi ta koma Faransanci, kuma littafin yana da tsadar da manomi ba zai iya ba. Ɗan dattijon da ya ba da labari ba ya iya karanta abin da ubanshi ya ce. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ban ɗora ma malamin laifin wannan shi kaɗai ba, shi ya yi aikin da ƙasarshi ta biya shi ya yi. Mu ne ya kamata mu ji kunya. Ko shafi 60 ne a tsamo, a sa cikin Hausa mai sauƙi da manyan baƙaƙe, tare da hotunan dattawan, da an karanta shi a kowane zaure daga Dogon Dutsi har Gure.

Kada a ce ba ya yiwuwa, domin an taɓa yi a ƙasar nan. A 1968 anka buɗe wata cibiya a Yamai don tara labarun baka, ita ce daga baya ta zama CELHTO. A 1970 ta buga aikin Isaka Ɗankusu kan labarin Katsinawa bayan jihadi, wato asalin sarautar Maraɗi, Hausa da Faransanci tare. Bubu Hama kuma ya tara tsofaffin littattafan Larabci da na ajami daga hannun malamai, su ne tushen waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, wajen 4000. Aiki ne babba, ba mai musu. Amma ku lura da wani abu. Bubu Hama shi ne shugaban majalisa kuma jigon RDA har sojojin Saini Kunce sunka kifar da gwamnati ran 15 ga Afrilu 1974. Wato a shekarun da ake yawo ana ceton takardun sarakunan da, a shekarun nan ne talakawa ke jefa katinsu cikin murhu. Labarin da ya yi shekara 150 ba ya tsorata mai mulki. Na jiya shi ne mai zafi.

Ko takardun gwamnati ba duka sunka tsira ba. Na taɓa shiga wani biro a wani gari, ba zan faɗi sunanshi ba, ina neman takardar haihuwa. Anka buɗe mini wani ɗaki a baya. Kundaye ne jibge a ƙasa, rufi yana yoyo, gara ta gina gidanta har tsakiyarsu. Na ɗaga guda, rabi ya zo hannuna, rabi ya saura ƙasa kamar dussa. Sunayen masu gida ne na ƙauyuka, da yawan iyalinsu, da dabbobinsu. Wanda zai so ya san yadda yunwar 1973 ko ta 1984 ta watsa wani ƙauye, cikin irin waɗanga kundaye zai duba. Gara ba ta san siyasa ba, raƙumi da giwa duk ci take.

Littafin nan ya koya mini cewa takarda ƙarama ba ta da ƙanƙanta. A gidajenku akwai arshib ba ku sani ba. Rasit na lanho da kaka ya ajiye cikin layar fata, katin jam'iyya, katin koperatib na gyaɗa, wasiƙar ajami da wani ya aiko daga Kumasi, hoton da anka ɗauka ranar zaɓe, takardar sayen gona. Kowace tana da shekara, tana da suna, tana da hatimi. Kada a ba yara su yi wasa da ita, kada a ƙunsa tsire da ita. A sa ta cikin akwatin ƙarfe, a ɗora bisa dutse nesa da bango, a riƙa buɗewa da rani ana dubawa. In wani mai bincike ya zo, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ya ɗauki hotonta ya bar muku abinku. In ya ɗauki muryar tsohonku, ku ce ya bar muku taku, kuma ku rubuta sunanshi da inda ya fito.

Wanda hannunshi ya fara faɗawa da rubutu, ga aikin da ya fi kwafar allo. Kaye guda da bik sun isa. A bisa shafi ka sa ranar, da garin, da sunan mai magana, da shekarunshi in an sani. Ka rubuta yadda ya faɗa, kada ka gyara mishi Hausa. Ka tambaye shi, wannan da idonka ka gani, ko ji ka yi? Ka sa amsar. In wani tsoho ya ce ba haka anka yi ba, kada ka shafe na farko. Ka buɗe sabon shafi ka rubuta nashi. Wannan shi ne abin da kumandan bai yi ba.

Da na gama littafin, na sayi kaye na tafi wurin matar kawuna, tana nan da ranta, ta haura 80. Na ce, inna, ki ba ni labarin daren da jandarmomi sunka zo. Ta daɗe ba ta ce komi ba. Sa'an nan ta ce katin ba shi ya ƙone shi ba, ita ce. Shi ya so ya tura shi cikin jinkar ɗaki. Ita ta fizge, ta sa a wuta, ta ɗora tukunyar miya a kai. Ta ce ya yi kwana 40 bai ci tuwonta ba, gidan yayarshi yake zuwa cin abinci. Na tambaye ta me ya sa ta yi haka. Ta ce tana da ciki wata 7 a lokacin, kuma ta ga yadda anka fitar da maƙwabcinsu da igiya a wuya. Na rubuta, na karanta mata. Ta ce in gyara wuri guda, ba miyar kuka ba ce, ta kuɓewa ce.